A Bayan Agali

Na ji abin da kuka ce ranar Lahadi. Ina zaune a layin da ke bayanku, ba ku waiga ba. Yaron nan da ya wuni kan banci da safar hannu a cinya, wanda har aka tashi bai taɓa balo ba, kuka ce ya fi kowa morewa, an ba shi mayo, wato rigar wasa, da takalmi ya zo kallo kyauta. Ɗayanku har ya ce ko kakarsa za ta iya wannan aikin. Ban tanka ba, don fili ba wurin magana ba ne. Amma tun da kun kawo mini balo ɗinki, ku zauna kafin in gama. Kuna kirana Baba Rampalasa, kuna zaton suna ne. Sunana Mamman. Rampalasa a bakin Faransawa shi ne wanda ake ajiyewa don ya maye gurbin wani, kuma aikin da na yi ke nan a ekip ɗin garin nan, wato ƙungiyar ƙwallonmu, mai tsaron gida na biyu, tun shekarun farko na samun ƴancin kai har gwiwoyina suka ƙi.

Ɗinkin balo ne ya kai ni fili. A lokacin balon kirki a Agadas bai wuce a ƙirga da yatsun hannu guda ba, namu kuma na hannun Mushe Isufu ne (Mushe ake ce wa malaman boko), malamin lakwal, wato makaranta, wanda shi ne mai horar da ƴan wasan gari. Wata rana ɗinki ya ɓalle, ya kawo shi rumfar mahaifina a cikin dukawa. Mahaifina ya jujjuya shi, ya ce shi kube da zabira yake ɗinkawa, ba abin wasa ba, ya turo mini. Balon wancan zamani ba irin naku ba ne. Fata ce mai kauri, da baki kamar na takalmi, ana ɗaure shi da tsirin fata, roba tana ciki. Na kwance bakin, na zare robar, na jiƙa fatar har ta yi laushi, na juya ta ciki waje, na bi tsoffin hudoji da basilla da zaren da na goga wa kakin zuma. In ka huda sabon rami kusa da tsoho, wurin ne zai sake yagewa. Da la'asar na kai masa fili. Suna neman wanda zai tsaya a ɗaya gidan, suka ga ina da tsawo, suka ce in tsaya. Bugun farko ya same ni a ƙirji, na zauna daɓas. Na biyu ban san yadda aka yi ba, na tsince shi a hannuna.

Sai wani mutum ya taso daga ɗaya gidan yana tafiya a hankali, kafaɗa kamar ƙofar zaure. Agali ke nan, magini, wanda gari yake kira Garu. Ya girme ni da ƴan shekaru. Ya tsaya gabana ya ce, "Wa ya ce ka rufe ido?"

Na ce, "Ban rufe ba."

Ya ce, "Ka rufe. Gobe bayan asuba ka same ni a Telwa."

A yashin korin Telwa, busasshen rafin da ke gefen gari, na yi koyo, kuma na daɗe ban taɓa balo ba. Faɗuwa ya fara koya mini. Cinya ta fara sauka, sannan haƙarƙari, gwiwar hannu tana ciki, kai a ɗage. In na sauka kan gwiwar hannu sai ya ce, "Tashi, ka karye," in sake. Da faɗuwa ta zauna a yashi ya mai da ni fili, inda ƙasa take kamar daɓe da tsakuwa a kai, na sake koyon ta daga farko. Sannan kamu: manyan yatsu a bayan balo, ba a gefe ba, ka jawo shi ƙirji ka rufe. Sannan murya. Ni mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ya sa ni tsayawa bakin kori ina kiran sunayen ƴan baya har masu lambu suka fara leƙowa. Ya ce mai tsaron gida shi kaɗai ne yake ganin fili duka, in ya yi shiru ya ci amanar sauran.

Kayan aikinmu kaɗan ne, kuma kula da su na na biyu ne. Mayon mai tsaron gida guda ɗaya ne, baƙi, mai dogon hannu, wani tela ya ɗinka shi da auduga a gwiwar hannu. Ni nake wanke shi, ni nake shanya shi. Akwai hula mai baki don rana. Safar hannu ba mu san ta ba, ƙaro muke jiƙawa a gwangwani mu shafa a tafi, ya ɗan kama. In ya yi ruwa babu amfani, in ya yi kauri ƙasa ta manne, sai ka san tsakiya. Na ɗinka wa Agali matashin gwiwa da fatar akuya, na cusa auduga, na yi wa kaina da ragowar. Ranar wasa tun hantsi ina fili da tsintsiyar kaba ina share tsidau a gaban poto, wato sandunan gida, duka biyu, namu da na baƙi, don ƙaya ba ta san ekip ba. Layi da toka muke ja, ina bi gidajen masu tuwo ina tarawa. Raga ma da farko babu, kowane ci sai an yi gardama, har na zauna na saƙa mana da igiyar kaba.

Amma wannan duk hidima ce. Ainihin aikin yana cikin mako. Mushe Isufu ya faɗa mini tun farko, "Agali na Lahadi ne. Kai na sauran kwanaki ne." Ƴan gaba ba sa iya koyon bugu a gidan da babu kowa, sai da mutum a ciki, kuma ba za a bar su su farfasa hannun wanda zai tsaya ranar wasa ba. Saboda haka su ne masu cinikina, kowa da irin abin da yake zuwa nema. Akwai Tanko, mahauci, mai ƙafar hagu kamar harbin jaki. Shi bai san wayo ba, ƙarfi kawai. Daga tsakiyar mako Mushe ba ya barin ya buga wa Agali, sai ni, kuma daga kusa. Akwai wani ɗan akawu da ba ya bugu da ƙarfi, sai ya ajiye balo can gindin poto inda sai ka miƙe har yatsa. Akwai wanda in ya kwana biyu bai ci ba sai zuciyarsa ta mutu, ya zo yana roƙona da ido in bar masa guda. Ban taɓa bari ba. In na bar masa ranar Alhamis, ranar Lahadi zai buga irin ta, wani ya kama.

Wani aikin kuma shi ne zama wani mutum. In za mu kara da ekip ɗin soja, sai in je in raɓe jikin katangar bariki ina kallon mai tsaron gidansu. Akwai wani gajere da suka taɓa yi, mai gaggawar fitowa, da ya ga ɗan gaba sai ya rugo ya baje a ƙafarsa. Mako guda na zama shi. Na bar duk abin da Agali ya koya mini, ina rugowa ina bajewa, har Tanko ya gaji da cin karo da ni ya koyi ɗaga balo ta kaina. Ranar Lahadi gajeren ya rugo, Tanko ya ɗaga, gari ya ɗauke shi a kafaɗa har kasuwa. Ni ina baya ina kwance raga.

Ku yanzu kun saba ganin ana canjin ƴan wasa kamar ana canza riga. A gasarmu ta lokacin ba a yi. Wanda ya fara shi zai gama, in ya ji rauni a yi wasa babu shi. Wata Lahadi Agali ya faɗi kan kafaɗa tun ba a je ko'ina ba, hannu ya ƙi ɗaguwa. Na ruga da ruwa. Arbit, alƙalin wasa, ya ce a yi sauri a ba wani mayo. Ni na cire mayon daga jikin Agali, ni na saka wa wani ɗan bayanmu da bai taɓa tsayawa gida ba, na shafa masa ƙaro, na gyara masa hula, na ce ya riƙa sa manyan yatsu a baya. Na koma gefe na zauna ina kallo ana ta zura masa. Doka ce, ba wanda ya yi mini laifi.

Ni sai in Agali ba ya nan tun kafin a hura usur nake shiga. Lokacin da ya tafi gini Ingal na tsaya, da lokacin rasuwar mahaifiyarsa, da wasu wasannin sada zumunci da ƴan lakwal. In na ce muku ina tune da su duka, kun san ba su da yawa. Duk da haka kowace Asabar ina kwanciya da wuri, kowace Lahadi ina cin abinci marar nauyi da hantsi, ina yanke farce, ina ɗaure takalmi, kamar ni zan tsaya. Shekara da shekaru haka. Abin da ya fi wuya a sana'ar ke nan, ba bugun Tanko ba. Na ga samari da suka fi ni tsalle sun zo sun zauna a bancin nan wata biyu, suka fara zuwa da ƙoshi, suka fara hira da ƴan kallo, ranar da aka neme su ba su nan ko da suna zaune.

Mummunar shekararmu ta fara da kwanon ruwa. Mun gama horo gab da magariba, na miƙa wa Agali kwano ta gefen hagunsa, hannuna a miƙe kusa da kunnensa, bai karɓa ba. Sai da na yi magana ya juyo gaba ɗaya, kai da kafaɗa. Na bar shi a gajiya. Bayan kwana kaɗan aka ɗago balo daga kusurwa, irin wanda yake cafkewa yana hira, bai motsa ba har ya wuce ta gabansa. Mutane suka yi dariya, suka ce Garu yana tunanin amarya. Ni ban yi dariya ba. Da kowa ya watse na tsaya ina naɗe raga, shi yana kwance takalmi.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce, "Tun damina."

"Da rana ma?"

"Da rana ina gani, amma kamar mai leƙe ta bakin tulu. Abin da ke gabana sarai nake ganin sa. Gefe ne babu. In rana ta sunkuya kuma sai duka ya koma toka."

Ya riga ya je likita, majo, malamin da ke duba marasa lafiya, ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce ya riƙa cin hanta. Tanko kullum yana aika masa, bai san dalili ba. Ya sha rubutu, ya sa kwallin da wata tsohuwa ta haɗa. Bakin tulun sai ƙara tsukewa yake.

Na ce, "Sai an gaya wa Mushe."

Ya ce, "Na sani. Jira nake ka faɗa. Tashi mu je."

Mushe Isufu ya saurare mu a ƙofar gidansa, bai ce komai ba sai "Allah ya sawwaƙe." Mako guda yana gwada mu, ba tare da sauran sun gane ba. Ya sa Agali a gida, ya sa ni, bugu iri ɗaya. Sannan ya ce in tsaya a bayan raga in riƙa faɗa wa Agali abin da ke zuwa ta gefe. Ranar Asabar ya kira ni ni kaɗai.

Ya ce, "Mamman, ba zan ɓoye maka ba. Agali da kai a bayansa ya fi ka kai kaɗai."

Na ce, "To, Mushe."

Gaskiya ya faɗa. Agali yana sanin inda balo zai tafi tun daga ƙugun mai bugu, kafin ƙafa ta sauka. Ni sai ya tashi nake sani. Tsakanin biyun ƙiftawar ido ce, kuma duk yashin Telwa bai ba ni ita ba.

Haka na koma bayan raga. Kalmomin ba su da yawa: hagu, dama, sama, fita, zauna. Wuyar tana ga lokaci. In na yi kira da wuri zai juya kai ya bar mai balo, in na makara an riga an wuce. Na koyi kallon inda shi ba ya kallo, na bar masa balo, ni ina bin masu gudu ta gefe. Ƴan kallo suka ɗauka zumuɗi ne, yara suna kwaikwayona a unguwa. Da haka muka cinye gasar gari, aka ce mu ne za mu je Damagaram mu kara da nasu. A shekarar ne kuma aka kawo sabuwar doka, ana iya canza mai tsaron gida in ya ji rauni. A shekarar ne wani yaro, Bashir, ɗan wani direba, ya fara zuwa fili yana tsayawa gida in mun gaji. Siriri ne, ba ya jin magana sosai, amma na lura yana motsawa kafin a buga.

A bayan kamyo, babbar motar kaya, muka tafi, kan buhuna, ta Tanut. Filin Damagaram ba irin namu ba ne. An kewaye shi da katanga, an ja igiya, ƴan gardi masu tsaron fili suna tsaye da bulala, makaɗa sun cika gefe guda. An sa wasa bayan la'asar, amma babban baƙon da zai zauna a rumfa bai iso ba, aka yi ta jira. Ina kallon inuwar katanga tana tsawo, ina kallon Agali, shi yana kallon ƙasa. Da aka fara na zagaya na tsuguna bayan raga da bokitin ruwa. Ban yi kira uku ba wani ɗan gardi ya zo.

"Ba a zama nan."

Na ce, "Ruwa nake ba mai tsaron gida."

Ya ce, "In yana jin ƙishi ya jira hutu." Ya kama wuyan rigata ya kai ni har banci, can tsakiyar fili, dab da masu ganga. Mushe ya je ya roƙi arbit, arbit ya ce shi abin da ke cikin layi ne nasa.

Rabin farko Agali ya yi shi da sauran hasken da ke akwai, kuma ya yi shi kamar Garu na da. Tanko ya ci ɗaya. Aka tafi hutu muna gaba, rana ta riga ta taɓa kan katanga. Na shafa masa ƙaro, na ce a hankali, "Me kake gani?"

Ya ce, "Fararen mayo. In sun taru."

Mushe ya tsuguna kusa da mu. Ya ce, "Agali, doka ta ce sai da rauni. Da an koma, balon farko da ka kama, ka kwanta ka riƙe kafaɗa. Mamman ya shiga."

Agali ya ce, "Mushe, ban taɓa faɗuwar ƙarya ba. Ban san yadda ake yi ba."

"Koyo za ka yi yau."

Ya ce, "Ku bar ni in gwada. In na ga ba na gani, zan faɗa." Arbit ya hura usur, ya tashi ya tafi.

Ba a daɗe ba aka zura balo ta tsakiya, a ƙasa, yana gangarowa gabansa. Wannan yana ganin sa. Ya fito ya kwanta kansa yadda ya koya mini, cinya, haƙarƙari, hannu a ciki. Abin da bai gani ba shi ne ɗan gefen Damagaram da ya taho da gudu ta hagu. Ni na gan shi tun daga nesa. Na miƙe kan banci na yi kira da duk muryar da na koya a bakin kori, ganga ta haɗiye ta. Kowane mai tsaron gida da ya ga mutum tafe zai kau da kai ya ba shi kafaɗa. Agali bai kau ba. Yaron ya yi ƙoƙarin tsallakewa, gwiwarsa ta same shi a muƙamuƙi. Ba mugunta ba ce, yaron da kansa ya zauna a ƙasa yana kuka.

Da na isa balon yana hannunsa, sai da na ɓamɓare yatsun. Bakinsa ya karkace, jini ya jiƙa gaban mayo. Arbit yana cewa a yi sauri duhu na zuwa. Na cire mayon a hankali ta kansa, na saka shi yadda yake, da ɗumin jikinsa da jinin. Aka ɗauke shi a tabarma. Na tsaya tsakanin poto, a gaban mutanen da ban taɓa ganin yawansu ba, jikina a sanyaye, ban ko miƙe ƙafa ba.

Na yi abin da na sani. Na kira ƴan baya da sunayensu, na ja su kusa. Balon farko ya kusa kuɓuce mini, na danne shi da ƙirji. Na fita na ɗauke ɗaya a ƙafar ɗan gabansu, na ture wani ta saman poto. Sannan aka ci ni biyu. Na farko babu mai tare shi. Na biyu, da Agali ne da ya tare. Aka tashi, mutanen gari suka shigo fili da kiɗa, na kwance takalmi na tafi likita inda aka kai shi. Wasan da na yi shekaru ina yanke farce dominsa ke nan, ko rabi bai cika ba.

Muka dawo da shi kwance a kamyo, an ɗaure masa haɓa da rawani. Ya daɗe ba ya cin komai sai kunu ta kara. Da ya fara iya magana ta tsakanin haƙora, Mushe Isufu ya ce mu je mu gaishe shi, a kuma yi maganar mayo. Muka zauna a zaurensa da hantsi, ina dafa shayi. Mushe ya ce, "Agali, kai ka san gidan nan fiye da kowa. Wa za a ba?"

Agali ya ce, "Ka ba Bashir."

Mushe ya dube ni, ya dube shi. Ya ce, "Mamman fa? Ga shi zaune."

"Na san yana zaune. Mamman ya tsaya inda yake. In ka ba shi mayo ka samu na ɗaya mai dama-dama, ka rasa na biyun da ba za ka sake samu ba. Yaron yana da abin da ba a koyarwa. Sauran duka ba shi da su, kuma in ba Mamman a bayansa ba zai kai damina ba."

Na zuba musu shayi na uku, na wanke kofuna, na yi sallama. Makonni ban je fili ba. Na zauna rumfa na yi ɗinkin da ya taru, mahaifina bai tambaye ni komai ba. Ranar Lahadi ina jin ihun fili daga nan, ina gane wanda aka ci da irin ihun.

Wata safiya Bashir ya zo ya tsaya bakin rumfa. Gwiwar hannunsa duka biyu a saɓule, wuyan hannun dama ya kumbura. Tun da na daina zuwa shi Tanko yake bugawa, Litinin zuwa Asabar, sannan ya tsaya Lahadi. Ya ce, "Yaya Mamman, ban iya faɗuwa ba." Na kama hannun na latsa, bai karye ba. Na ɗaure masa da tsirin fata, na ce ya huta kwana biyu, in ya huta ya same ni a kori da sassafe. Ranar Litinin na koma na tsaya wa Tanko.

Na yi wa Bashir abin da na yi wa Agali, har aka kira shi Yamai, aka kawo wani, na yi masa shi ma. Ban sake tsayawa wasan gasa ba sai jefi-jefi. Da gwiwa ta fara kumbura duk safiya na miƙa gwangwanin ƙaro ga wani, na dawo rumfa.

Idon Agali ya ƙarasa rufewa bayan ƴan shekaru. Ya bar gini, ƴaƴansa suka riƙe shi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ina biyawa zaurensa, mu yi hirar gari, wa ya rasu, wa ya aurar, farashin gero. Maganar mayo ba mu taɓa komawa kanta ba, sai wata Juma'a da muka tsufa mu duka. Muna zaune ya ce, "Mamman, ran nan, in da na faɗi sunanka, da sun ba ka mayo."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"In yau ne ma Bashir zan ce."

"Wannan ma na sani."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Ba ni hannunka."

Na miƙa masa. Ya riƙe da hannu biyu yana bin yatsun ɗaya-ɗaya, kamar yadda yake shafa bango in yana neman inda ya tsage. Ya tsaya kan ɗan ƙaramin, wanda ya karkace waje.

"Wannan wa?"

"Tanko."

Ya matsa kan na tsakiya, mai ƙulli a gaɓa. "Wannan fa?"

"Shi ma Tanko."

Ya kama babban, wanda ba ya lanƙwasuwa. Na ce wannan poto ne, ranar da nake kwaikwayon gajeren soja. Ya karɓi ɗaya hannun ya bi shi haka, yana tambaya ina faɗa. Da ya gama bai sake ni nan da nan ba. Can ya ɗaga nasa hannuwan biyu a gaban fuskarsa, ya buɗe su, ya jujjuya kamar mai gani, yatsun nan goma masu kauri a jere.

Ya ce, "Nawa duk a miƙe suke."